Aure a Rataye: Nazarin Lamarin Wata Bakurdiya Daga Shirnak Zuwa Makhmur, 1993 zuwa 2025

Shimfiɗa

Ƙasar Kurdawa ta faɗa cikin iyakokin ƙasashe huɗu: Turkiyya, Iraƙi, Iran da Siriya. Mafi yawansu Musulmi ne 'yan Sunna masu bin mazhabar Shafi'i. A 1978 aka kafa ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawa ta PKK a Turkiyya ƙarƙashin Abdullah Ojalan, ta kuma ɗauki makami ranar 15 ga Agusta 1984 da hare-hare a garuruwan Eruh da Shemdinli. Yaƙin ya ci rayuka sama da 40,000. Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai duk sun sa ƙungiyar a jerin 'yan ta'adda.

Matar da za a bi sawunta a nan an sakaya sunanta da na ƙauyenta. Lamarin nata an ɗinka shi ne daga irin abin da ya sami mata da dama na sansanin gudun hijira na Makhmur da ke arewacin Iraƙi, amma wurare da dokoki da manyan abubuwan da suka gifta ta cikinsa na tarihi ne kamar yadda suka faru. 'Yar lardin Shirnak ce a kudu maso gabashin Turkiyya, a gindin Dutsen Judi, wanda Alƙur'ani ya ce jirgin Annabi Nuhu ya sauka a kansa. Matsalarta guda ce: mijinta na raye, an san inda yake, amma ba ya tare da ita, bai kuma sake ta ba. Irin halin da Suratun Nisa'i ta kira "kal mu'allaƙa", mace a rataye.

1993: aure, sannan dutse

An ɗaura musu aure a watan Maris 1993, tana da shekara 17, shi kuma 20. Ɗan baffanta ne, tare suka tashi suna kiwon awaki, kuma su suka zaɓi juna kafin iyaye su sa baki. Malamin ƙauye, wanda Kurdawa ke kira mele, shi ya ɗaura. Ba a je ofishin gwamnati an yi rajista ba, kamar yadda aka saba a karkarar yankin a lokacin, alhali dokar Turkiyya ba ta san wani aure ba sai na rajista.

Watan auren ya zo daidai da tsagaita wuta ta farko da PKK ta ayyana, mutane suna ta sa rai. Ranar 17 ga Afrilu Shugaban Turkiyya Turgut Ozal ya rasu. Ranar 24 ga Mayu mayaƙan PKK suka tare hanya a Bingol suka kashe sojoji 33 da ba su ɗauke da makami. Daga nan komai ya dagule.

Lardin na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Tun 1985 gwamnati ta kafa tsarin masu gadin ƙauye, ta ba su bindiga da albashi don su yaƙi PKK. Ƙauyen da ya karɓa, PKK na iya far masa, har mata da yara ba su tsira ba a wasu hare-haren. Wanda ya ƙi, soja su ce yana ciyar da 'yan tawaye. Gaba kura baya sayaki. Ƙauyensu ya ƙi. A ƙarshen bazara aka tara mazan a filin makaranta, aka tafi da wasu ofishin jandarma, har da angon. Bayan kwanaki ya dawo ba ya iya ɗaga hannu sama. A watan Oktoba ya bi mayaƙa cikin dare. A can ba a cewa wane ya shiga ƙungiya. "Ya hau dutse" ake cewa. Ya bar ta da cikin wata huɗu. Zaman da suka yi a matsayin miji da mata wata bakwai ne.

1994 zuwa 1998: hijira

Ta haifi namiji a watan Maris 1994. Ranar 26 ga watan jiragen yaƙi suka yi ruwan bama-bamai a ƙauyukan Kushkonar da Kochagili na Shirnak, mutum 38 suka mutu. Sai a Nuwamba 2013 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ɗora wa Turkiyya alhakin. Ƙauyenta ba ya cikin biyun, amma labari ya iso. Ba a jima ba mutanen suka ɗaure kaya a kan alfadarai suka nufi iyakar Iraƙi ta hanyar duwatsu, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Surukinta ya sa jaririn cikin rigarsa, ita tana biye da buhun gari.

Ba su kaɗai ba ne. Wani kwamitin majalisar dokokin Turkiyya ya ƙidaya a 1998 cewa an tashi ƙauyuka da rugage sama da 3,000, da mutane kusan 378,000. Binciken Jami'ar Hacettepe na 2006 ya kai adadin tsakanin 950,000 da miliyan 1.2. Yawancinsu manyan biranen Turkiyya suka nufa. Ƙalilan ne suka tsallaka Iraƙi.

Waɗanda suka tsallaka sun yi ta tashi daga wannan zango zuwa wancan a wajen Zakho, kafin a tara su a Atrush cikin lardin Duhok ƙarƙashin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Can ma ba su sarara ba. A Maris 1995 sojojin Turkiyya kimanin 35,000 suka kutsa arewacin Iraƙi, kuma PKK ta shiga faɗa da jam'iyyar KDP ta Masud Barzani mai iko da yankin. A farkon 1997 hukumar ta janye daga Atrush, tana cewa PKK ce ke juya sansanin. Jama'a suka gangara wajen Ain Sifni, sai a 1998 gwamnatin Saddam Husaini ta ba su wani fako kusa da garin Makhmur, kimanin kilomita 60 kudu maso yamma da Arbil, a gindin Dutsen Ƙarachok. Mutanen da suka saba da sanyin dutse da ruwan marmaro suka tarar da zafi da ƙura da kunamu. Da hannunsu suka buga tubali, suka dasa itatuwa. Yau sansanin na ɗauke da mutum wajen 12,000, da makarantun da ake koyarwa da Kurdanci.

Yunƙuri na farko: aike

Duk kaka sai ta saƙa safar ulu biyu ta ba masu zirga-zirga tsakanin sansani da dutse. Matsalar farko ita ce suna. Duk wanda ya hau dutse yakan ajiye sunan yanka ya ɗauki na ƙungiya, don haka sunan da take faɗa babu wanda ya san shi. Sai da aka shekara biyu kafin wani ya gane wanda take nufi. Amsa ta zo da baki a 1996: yana raye, ta kula da yaron. Babu gaisuwar miji ga matarsa a ciki.

Dalili kuwa yana cikin dokar ƙungiyar. PKK ta haramta wa mayaƙanta aure da duk wata alaƙa tsakanin namiji da mace, wanda kuma ya shigo da aure sai ya jingine shi. Koyarwar Ojalan ita ce iyali irin na gargajiya kurkuku ne ga mace, kuma soyayya sai ƙasa ta sami 'yanci. Kowa "heval" ne ga kowa, wato abokin gwagwarmaya. Abin da ba a tanada ba shi ne makomar wadda aka bari a gida da igiyar aure a wuya.

Da tauraron ɗan adam ya shigo sansani, sai ta koma zama gaban talabijin, tashoshin Kurdawa masu watsa shiri daga Turai suna jero hotunan waɗanda suka mutu. Ba ta iya karatu ba a lokacin. Fuska take dubawa.

1999 zuwa 2003: ziyara

Ranar 15 ga Fabrairu 1999 aka kama Ojalan a Nairobi, aka kai shi tsibirin Imrali. A watan Agusta ya umarci mayaƙa su fice daga Turkiyya, suka tattara a duwatsun Ƙandil da ke iyakar Iraƙi da Iran. Ta ɗauka yaƙi ya ƙare, mijinta na tafe. Bai zo ba, ita ma ba ta iya zuwa, domin Makhmur na hannun Bagadaza, Ƙandil kuwa na bayan shingen yankin Kurdawan Iraƙi mai cin gashin kansa.

Faɗuwar Saddam a 2003 ta buɗe hanya. Ta ɗauki yaron, yana da shekara 9, suka bi ayarin iyaye masu neman 'ya'yansu. An zaunar da su ƙarƙashin wata bishiyar gyaɗar dutse, aka kawo shayi. Da ya iso sai ya miƙa mata hannu yadda yake miƙa wa kowace heval, ya zauna nesa kaɗan, wasu mayaƙa biyu na gefe. Ya jawo yaron jikinsa yana shafa kansa yana tambayarsa ajin da yake. Ita kuwa ƙafarsa take kallo, ko za ta ga saƙarta. Takalmin roba ne da safar kanti. Ba a cika awa guda ba aka ce lokaci ya yi. Maganar da ta shekara goma tana shiryawa ba ta fito ba.

A wannan shekarar Turkiyya ta yi doka mai lamba 4959 ta sassauta hukunci ga wanda ya miƙa wuya, amma wanda ya yi faɗa sai ya ba da bayanai kan 'yan uwansa. Kaɗan ne suka sauko daga dutse. Mafi yawan masu nema mutanen da ke kurkuku ne tuntuni. Shi ko kallon dokar bai yi ba.

2004 zuwa 2007: ɓaraka, malami da kotu

A tsakanin 2003 da 2004 muhawara ta ɓarke cikin ƙungiyar, kuma batun halatta aure na daga cikin abin da aka yi sa-in-sa a kai. Osman Ojalan, ƙanen shugaban, ya ɓalle da wasu manya, suka kafa jam'iyyarsu, shi kansa ya yi aure. Mayaƙa da yawa suka sulale zuwa biranen arewacin Iraƙi. Wannan ce dama mafi kusa da ta samu, ta aika masa har sau uku. Ya zauna. Waɗanda suka fita an kira su maciya amana. An harbe Hikmet Fidan, ɗan siyasa mai goyon bayan waɗanda suka ɓalle, a Diyarbakir a Yuli 2005, Kani Yilmaz kuma, ɗaya daga manyan da suka ɓalle, ya mutu da motarsa ta tarwatse a Sulaimaniyya a Fabrairu 2006. Ban da tsoro, akwai aƙida, akwai kuma abokan da ya binne da hannunsa. Ranar 1 ga Yuni 2004 PKK ta koma yaƙi.

Sai ta juya ga malami. Mai karatu a ƙasar Hausa zai tuna hukuncin Malikiyya na matar wanda ya ɓace: shekara huɗu bayan ta kai ƙara, sannan takaba. Maganar Imam Shafi'i ta ƙarshe ta fi tsanani, sai an tabbatar da mutuwa ko an wuce shekarun da irinsa ke rayuwa. Amma mele ya ce mata wannan babi ma bai shafe ta ba, tun da mijinta bai ɓace ba, ta gan shi da idonta. Abin da ya rage shi ne raba aure saboda rashin ciyarwa ko ƙauracewa, wannan kuwa aikin alƙali ne.

Dokar iyali ta Iraƙi ta 1959 ta ba mace damar neman alƙali ya raba aure idan miji ya ƙaurace mata shekara biyu ba da uzuri ba. Sai dai auren nata ba shi da takarda ko ɗaya. Kafin ta nemi a raba, dole ta fara tabbatar da shi a kotu, ta ambaci sunan miji da inda yake, ta kawo shaidu daga cikin danginsa. Surukanta suka ce ba da su ba. A sansanin, matar mayaƙi na da daraja, ana zaunar da ita a sahun gaba ranar taro, kuma wannan darajar ce ta zama mata sarƙa: wadda ta nemi saki daga mutumin da ke dutse, ana mata kallon wadda ta juya wa gwagwarmaya baya. Ta janye.

2009: Habur

Ranar 19 ga Oktoba 2009, cikin shirin sulhu na gwamnatin Erdogan, mutum 34 suka shiga Turkiyya ta mashigar Habur, 26 daga Makhmur, 8 daga Ƙandil. An yi musu tambayoyi aka sake su, dubban jama'a suka tarye su da kiɗa. Hotunan mayaƙa cikin kakinsu suna ɗaga hannu a kan bas suka tunzura jama'ar yammacin Turkiyya, gwamnati ta ja da baya. A 2010 aka gurfanar da su, aka tsare wasu, wasu suka koma Iraƙi. Ayari na biyu da ta yi fatan mijinta zai shiga bai taso ba. Sashe na 221 na dokar laifuka ta Turkiyya, mai yafe wa wanda ya tuba, ya fi amfanar wanda bai taɓa hannu a faɗa ba, ba wanda ya shekara 16 da bindiga ba.

2013 zuwa 2016: saki mai sharaɗi

Ranar 21 ga Maris 2013, a bikin Newroz, wato sabuwar shekarar Kurdawa, a Diyarbakir, aka karanta wasiƙar Ojalan ta kiran ajiye makami, mayaƙa suka fara janyewa ranar 8 ga Mayu. Sai ga Da'ish a Agusta 2014 ta kama garin Makhmur. An kwashe mutanen sansani cikin dare zuwa Ranya. Mayaƙan PKK suka sauko daga Ƙandil, suka haɗa hannu da dakarun peshmerga na yankin Kurdawan Iraƙi aka ƙwato garin cikin kwanaki, har Masud Barzani ya je ya yi musu godiya. Da jama'a suka dawo, sai ga mijinta cikin masu tsaron tudun da ke bayan sansanin. Daga ƙofar gida ana hango inda yake kwana.

Wannan karon ba ta je da kanta ba. Ɗanta ya kai shekara 20, yana shirin shiga jami'a a Arbil, shi ya je wa baffansa, yayan mahaifinsa, ya ce lamarin innarsa ya isa haka. Baffan, wanda a da ya ƙi zama shaida a kotu, ya yarda da wannan saboda ba za a fita da maganar waje ba. Suka ɗauki mele suka hau tudun.

Ba su ce masa ya bar ƙungiya ba, ba su kuma ce ya sake ta nan take ba. Rana suka nema. Shafi'iyya ta yarda da rataya saki a kan sharaɗi, sai mele ya tsara lafazin: idan Newroz ta 2016 ta wuce bai dawo gida a matsayin miji ba, ta saku saki ɗaya. Ya furta gaban shaidu biyu, aka rubuta a takardar littafin makaranta, ya sa hannu da sunansa na yanka. An ce ya ɗan tsaya kafin ya rubuta, kamar mai tuna yadda ake jera haruffan.

A lokacin kowa na ganin sulhu ya kusa. Ranar 28 ga Fabrairu 2015 wakilan gwamnati da na jam'iyyar HDP mai goyon bayan Kurdawa suka fito tare a Fadar Dolmabahche, a zaɓen 7 ga Yuni kuma HDP ta sami kujeru 80. Ranar 20 ga Yuli bam ya kashe mutum 33 a Suruch, bayan kwana biyu aka kashe 'yan sanda biyu a Jailanpinar, ranar 24 jirage suka koma kan Ƙandil. A hunturun nan aka rufe garin Jizre na Shirnak da dokar hana fita fiye da wata biyu, unguwanni suka zama kufai. An mayar da shi dutse. Newroz ta zo ta wuce. Ta ƙirga iddarta a ɗakinta ba tare da an yi shela ba. Daga daren da ya tafi zuwa ranar, shekara 22 ne da wata biyar, ta gan shi ido da ido sau ɗaya a ciki.

2016 zuwa 2025: bayan idda

Tana da shekara 40. Ta tashi daga gidan surukai ta koma ɗakin da ɗanta ya gina mata, ta sayi keken ɗinki, ta shiga ajin yaƙi da jahilci na mata. Wani da matarsa ta rasu ya aiko, ta ce a'a, ba wanda ya tilasta ta ko ya hana ta. Ɗan ya yi aure a 2018.

Sauran matsalolin suna nan. Jiragen Turkiyya sun sha kai hari yankin sansanin, Ankara na cewa matattarar ɗaukar mayaƙa ce. Bayan kisan wani jami'in diflomasiyyar Turkiyya a Arbil ranar 17 ga Yuli 2019, hukumomin yankin Kurdawa suka hana mutanen sansanin shiga, ɗan ya rasa aikinsa. A Mayu 2023 sojojin Iraƙi suka yi yunƙurin zagaye wurin da waya, a Maris 2024 kuma Bagadaza ta haramta PKK.

Ranar 27 ga Fabrairu 2025 Ojalan ya kira ƙungiyar ta rushe kanta. Ta sanar da haka ranar 12 ga Mayu, ranar 11 ga Yuli kuma mayaƙa 30 suka ƙona bindigoginsu a bakin kogon Jasana kusa da Sulaimaniyya. A Agusta majalisar Turkiyya ta kafa kwamiti don duba dokokin da za su biyo baya. Tsohon mijin na raye, yana da shekara 52. Ya aiko wa yayansa da tambaya ko ƙofa a buɗe take.

Abin da nake gani

Duk yunƙurin da ya ci tura, ya dogara ne da wani abu da ya fi ƙarfin mutum biyun nan. Janyewar 1999, dokar 2003, Habur, sulhun 2013, kowanne ya ɗaura aurenta da makomar yaƙin gaba ɗaya, yaƙin kuwa ba ruwansa da shekarun haihuwar mace. Kotu ta gaza saboda sakacin 1993 na rashin rajista, da kuma tsadar fallasa. Aike da ziyara suka gaza saboda suna tambayarsa abin da ba zai iya amsawa gaban heval ba.

Na 2014 ya yi aiki don ya rage girman tambayar. Ba a nemi ya zaɓa tsakaninta da ƙungiya ba. Kalanda aka bar wa zaɓin, shi kuma ya sa hannu yana zaton ranar ba za ta riske shi a dutse ba. An yi ta hannun danginsa, cikin sirri, da lafazin da jama'arta suka yarda da shi, kuma an yi sa'a Da'ish ta sauko da shi kusa. Haka kuma sai da ɗa namiji ya girma ya buɗe baki kafin a saurari abin da uwar ta yi shekaru tana faɗa, wannan kuwa ba abin yabo ba ne ga kowa a gidan.

A ganina laifin a rabe yake, ko da ba daidai wa daida ba. Gwamnatin da ta tashi ƙauyen ita ta tura shi dutse, ita ta jefa matar a fako. Ƙungiyar da ke alfahari da 'yantar da mata ta ɗauke miji ba ta sa shi ya warware igiyar da ya bari ba, alhali kalma ɗaya ce da ana iya karɓa daga bakinsa tun 1993. Shi ma ya san hukuncin. Ɗan ƙauyen mele ne. Ina zargin yana so a ce akwai wadda ke jiransa a wani wuri, ita kuma ta biya kuɗin wannan so da ƙuruciyarta.

Da yake saki ɗaya ne kuma idda ta cika, komawa sai da sabon ɗaurin aure, sabon sadaki da yardarta. Amsar da ta ba baffan ɗanta ita ce ya fara saukowa tukuna, da ƙafarsa, da sunan da uwarsa ta raɗa masa. In ya zo za ta duba. In kuma za a ɗaura, sai a ofishin da ake ba da takarda.